Muhawara: Ana Koyon Gane Halin Mai Neman Aiki, ko Baiwa Ce?

Hajiya Binta: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai wata matsala da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma na san a wannan zaure akwai waɗanda suka fi ni sanin harkar ɗaukar ma'aikata. Shekara tara ke nan ina tafiyar da wata ƙaramar makarantar firamare, kuma mu uku ne muke zama mu yi wa masu neman aikin koyarwa intabiyu: ni da hedimasta da wani dattijo daga cikin iyayen yara. Bara mun nemi malamin aji huɗu. Wani saurayi ya shigo da shiga mai kyau, ya gaishe mu da sakin fuska, yana kallon idon duk wanda ya yi masa tambaya, Turanci kuwa babu gargada ko kaɗan. Kafin ya cika minti biyar a kan kujera na riga na yanke hukunci a raina. Bayansa wata yarinya ta shigo, kanta a sunkuye, sai da muka ce ta ɗaga murya har sau biyu. A cikin maki goma na ba ta 4, hedimasta ya ba ta 5, dattijon ya ba ta 8, kuma babu wanda ya tambayi ɗan'uwansa dalili. Saurayin muka ɗauka. A zango na biyu na buɗe kabad ɗin ajinsa na tarar da littattafan yara wajen arba'in a jibge, mako shida ba a sa musu jan biro ba, kuma kafin zangon ya ƙare ya bar mu ba sallama. Yarinyar muka kira ta cike gurbin, yau kuwa ajinta ne iyaye suke roƙo a sa 'ya'yansu. Tambayata ita ce, shin ana iya horar da masu yin intabiyu su riƙa gane hali daidai, ko kuwa baiwa ce da Allah yake ba wasu ya hana wasu?

Alhaji Garba: Wa alaikumus salam Hajiya. Ni a ganina baiwa ce da kuma daɗewa cikin jama'a. Fiye da shekara talatin ina ɗaukar yaran shago a kasuwa, kuma da wuya yaro ya tsuguna a gabana ya gaishe ni ban san inda ya dosa ba. Magabata sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Wannan ba abu ne da za a tara mutane a ɗaki a koya musu cikin kwana biyu ba.

Dakta Aminu: Ranka ya daɗe Alhaji, ina girmama gogewarka, amma ka ba ni dama in kawo abin da bincike ya nuna, domin wannan fanni ne da aka daɗe ana aunawa. Abin da ya sami Hajiya yana da tarihi. Tun a 1920 wani masanin halayyar ɗan'adam a Amurka, Edward Thorndike, ya duba yadda hafsoshin soja suke ba na ƙasa da su maki, sai ya ga idan hafsa ya yaba wa soja a kan siffa ɗaya, misali ƙirar jiki da tsayuwa, yakan ba shi maki mai yawa a kan basira da shugabanci da amana gaba ɗaya, alhali waɗannan abubuwa ne mabambanta. Siffa ɗaya ce take haskawa har ta rufe sauran. Turancin saurayin nan da kallon idonsa su ne suka haska, suka hana a tambaye shi ko yana duba aikin yara.

Game da amfanin intabiyu kansa, a 1998 Frank Schmidt da John Hunter sun tattara sakamakon bincike na shekara 85 a kan hanyoyin ɗaukar ma'aikata. A ma'aunin da 0 yake nufin babu wata alaƙa tsakanin makin intabiyu da ƙwazon mutum a bakin aiki, 1 kuma yake nufin cikakkiyar alaƙa, intabiyun da aka tsara tambayoyinsa tun da farko ya sami 0.51, na hira sakaka kuma 0.38. A 2022 Paul Sackett da abokan aikinsa suka sake lissafin da gyare-gyare, sai tsararren ya tsaya a 0.42, wanda ya sa shi a sahun gaba na hanyoyin da suka duba, na sakaka kuwa ya faɗo zuwa 0.19. Wato zaman da mutum uku za su yi suna tambayar duk abin da ya zo musu a baki bai fi ƙuri'a da nisa sosai ba.

Misalin da ya fi tsaya mini a rai ya faru ne a 1979 a makarantar koyon aikin likita ta Jami'ar Texas da ke Houston. Sun gama tantancewa sun zaɓi ɗalibai 150, sai majalisar jihar ta umarce su da su ƙara 50. Dole suka koma kan waɗanda masu intabiyu suka ba ƙaramin maki suka ƙi ɗauka. Da aka bi diddigin rukunin biyu har ƙarshen karatu, ba a ga wani bambanci na a zo a gani ba a sakamakonsu.

Alhaji Garba: To Dakta, idan haka ne ai sai a daina intabiyun. Amma bari in ƙara bayani don kada a ɗauka kallo ɗaya nake yi in miƙa wa yaro makullin shago. Ina fara ba shi shara da ɗaukar kaya. Bayan wata biyu in aike shi da kuɗi kaɗan, ina sane da adadin canjin da zai dawo. Ina lura da lokacin da yake zuwa ranar da aka yi ruwa da asuba, da yadda yake yi wa mai saye magana idan ya ɗauka ba na kusa. Sai ya shekara kafin ya taɓa littafin bashi.

Malam Yusuf: Alhaji, Allah ya ƙara arziki, wannan bayani naka na biyu ya rushe na farko, kuma shi ne ya dace da abin da magabata na ƙwarai suka yi. An ruwaito cewa wani mutum ya zo gaban Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, domin ya shaidi wani da kirki. Umar ya tambaye shi ko maƙwabcinsa ne da ya san shigarsa da fitarsa, ya ce a'a. Ya tambaye shi ko ya taɓa yin tafiya da shi, ya ce a'a. Ya tambaye shi ko sun taɓa yin mu'amalar dinari da dirhami, ya ce a'a. Sai ya ce masa ai bai san shi ba. Ku lura, duk tambayoyin uku a kan abin da mutum ya aikata ne a wurin da hali yake fitowa, babu ta fuska ko ta iya magana. Haka kuma a Suratul Ƙasas, aya ta 26, da 'yar dattijon Madyana ta ce wa mahaifinta ya ɗauki Annabi Musa aiki, siffa biyu ta ambata, ƙarfi da amana, kuma ta faɗe su ne bayan ta ga abin da ya yi a bakin rijiya. Matsalar Hajiya ita ce ba ta da shekara guda irin ta Alhaji, minti talatin take da shi. Tambayar da ta rage ita ce yadda za a shigo da maƙwabtaka da tafiya da mu'amala cikin minti talatin ɗin.

Dakta Aminu: Allah ya gafarta Malam, ka kai mu inda horon yake. Wani masani, David Funder, ya bayyana a 1995 cewa kafin hukuncin wani a kan halin wani ya zama daidai, sai abu huɗu sun haɗu: mutumin ya yi abin da yake da alaƙa da halin da ake nema, abin ya bayyana a gaban mai hukunci, mai hukuncin ya lura da shi, sannan ya fassara shi daidai. Idan ɗaya ya ɓace, hukuncin ya lalace. A zaman Hajiya tun matakin farko aka sami giɓi, domin babu tambayar da ta ba saurayin ko yarinyar damar nuna ko suna kammala aikin da aka ba su.

Wannan giɓi ba nata ba ne ita kaɗai. Binciken Murray Barrick da Michael Mount na 1991 ya nuna cewa a cikin manyan siffofin hali, wadda ta fi hasashen ƙwazo a kusan kowace sana'a ita ce kula da aiki, wato tsari da cika alkawari da ƙarasa abin da aka fara. Amma wani bincike da Barrick ya jagoranta a 2000 ya gano cewa masu intabiyu sun fi iya gane wanda yake da sakin jiki da son mutane, yayin da kula da aiki da natsuwar zuciya suke kuɓuce musu. Abin da aka fi buƙata shi ne ya fi wuyar gani, domin ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Saboda haka rabin horon yana tafiya ne wajen koya wa mutane irin tambayar da za su yi. Maimakon a ce wa mai neman aiki ya faɗi halinsa, sai a ce ya ba da labarin wani lokaci takamaimai da aiki ya yi masa yawa kuma wa'adi ya matso, me ya yi, da wa ya yi magana, yaya aka ƙare. Kowa a yi masa tambayoyi iri ɗaya, a jere ɗaya.

Sista Hauwa: Dakta, bari in ba da shaida a kan ɗaya rabin, domin an taɓa yi mana irin wannan horo a asibitin da nake aiki kafin mu ɗauki sababbin ma'aikatan jinya. Mu takwas ne a ɗakin. Mai horarwar ta fara sa mu amince a kan siffa huɗu kacal da aikin yake buƙata, sannan a ƙarƙashin kowace siffa muka rubuta da bakinmu irin amsar da ta cancanci maki 1, da ta 3, da ta 5. Misali a kan amana, wadda ta ba da labarin kuskuren da ta taɓa yi wajen ba da magani, ta faɗi wanda ta sanar da shi nan take da abin da ta canza daga baya, ita ce mai 5. Wadda ta ce ita ba ta taɓa kuskure ba, ko ta ɗora wa wata laifin, tana ƙasa. Daga nan aka kunna mana bidiyon wata da take amsa tambayoyin, kowa ya rubuta makinsa shi kaɗai ba tare da ya kalli takardar na kusa da shi ba. Da aka rubuta makin a allo, daga 2 ya kama har 5, a kan amsa ɗaya da duk muka ji da kunnenmu. Mai horarwar ta bi mu ɗaya bayan ɗaya, kowa ya karanto kalmomin da ya rubuta daga bakin yarinyar. Da wata babbarmu ta ce ita dai yarinyar ta kwanta mata a rai, sai aka ce mata wannan ba hujja ba ce, ta faɗi abin da yarinyar ta ce. Ba ta rubuta komai ba. Kafin mu kai bidiyo na huɗu, tazarar da ke tsakaninmu ba ta wuce maki ɗaya ba. Abin da na fahimta shi ne da can kowa da mudunsa yake zuwa, wani babba wani ƙarami, sannan mu zauna muna gardamar nawa hatsin ya kai.

Dakta Aminu: Sista, wannan da kika bayyana shi ne horon da ya fi samun goyon bayan bincike. John Bernardin da Ronald Buckley ne suka gabatar da shi a 1981, kuma da aka tattara nazarce-nazarcen horar da masu ba da maki a 1994, shi ne ya fi ƙara daidaiton hukunci. Akwai darasi a cikin abin da ya gabace shi. Da farko horon da ake yi shi ne a jera wa mutane kurakuran da ake yawan yi, a ce kada su ba kowa maki mai yawa, kada su bari siffa ɗaya ta rinjaye su. Sai aka ga mutane sun koyi rarraba maki don kada a zarge su, amma hukuncinsu bai ƙara zama daidai ba, wani lokaci ma ya ragu. Gargaɗi kaɗai ba ya gyara awo, sai an ba kowa mudu ɗaya kuma ya gwada shi sau da yawa ana nuna masa inda ya kauce.

Nafi'u: Iyayena da yayyena, ku yi mini afuwa in yi magana daga ɗaya ɓangaren teburin, domin na shiga intabiyu sau biyar tun da na gama hidimar ƙasa. Abu na farko, a gida an tarbiyyantar da mu cewa ba a zuba wa babba ido, kuma yabon kai jahilci ne. Sai ka shiga ɗaki ka tarar da sa'o'in mahaifinka, a ce ka faɗi abin da ka fi kowa iyawa. A wani wuri da na je, ina ba da labarin aikin da muka yi ina cewa mun yi kaza, sai ɗaya daga cikinsu ya katse ni ya ce da alama ni ban yi komai ba ke nan. Wallahi ni ne na jagoranci aikin, nauyin cewa ni na yi ne ya hana ni. Abu na biyu, waɗannan tambayoyin na ba da labari duk suna intanet tare da amsoshinsu, kuma na san waɗanda suke haddace su. Ina tsoron kada tsarin ya ƙare yana fifita wanda ya fi iya hadda.

Malam Isufu: Maganar wannan yaro gaskiya ce, kuma a wajenmu a Damagaram akwai ƙarin nauyin harshe. Ana yin ganawar da Faransanci, sai wanda ya fi sakin baki a harshen ya fito kamar ya fi hankali, ko da aikin da ake nema da Hausa za a yi shi daga safe har yamma tare da manoma. Idan harshen yana cikin buƙatun aikin, a auna shi daban da makinsa. Idan ana neman hali ne, a bar mutum ya ba da labarinsa da harshen da yake tunani da shi.

Sista Hauwa: Nafi'u ƙanena, duka biyun an taɓo mana su. A kan cewa mun yi, an koya mana kada mu yanke hukunci, mu bi da tambaya cikin ladabi: a cikin wannan aikin wane ɓangare ne ya faɗo hannunka, kuma da ba ka nan me zai tsaya? Mai kunya yakan amsa wannan cikin sauƙi, domin an tambaye shi ne, ba shi ya yabi kansa ba. Wannan bin diddigin kuma shi ne maganin hadda. Wanda ya ari labari yana da farkonsa da ƙarshensa, amma idan ka tambaye shi wace rana ce, wa ya fara kira, me mutumin ya ce masa, sai ka ga labarin ya zama babu ƙashi. Wanda abin ya faru da shi kuwa ƙananan bayanai ne suke zubo masa, har da waɗanda ba su ƙawata shi ba.

Dakta Aminu: Ina so in ƙarfafa batun ido, domin yana cutar da 'ya'yanmu ƙwarai, musamman mata. Mutane da yawa sun yi imani cewa mai ƙarya ba ya iya haɗa ido, amma bincike bai tabbatar da hakan ba. A 2006 Charles Bond da Bella DePaulo sun tattara gwaje-gwaje sama da 200, suka ga matsakaicin mutum yana bambance gaskiya da ƙarya daidai ne a kashi 54 cikin 100, alhali mai jefa kwabo zai sami 50. Saboda haka duk horon da ya zo da jerin alamomin jiki, wai sunkuyar da kai rashin gaskiya ne, naɗe hannu girman kai ne, ni ba na goyon bayansa, kuma idan an kwaso shi daga wata al'ada aka sauke a kanmu ɓarnarsa ta fi yawa. Misalan amsar da ta cancanci 1 ko 5 dole mutanen wurin su rubuta su, waɗanda suka san bambancin kunya da rashin abin faɗa. Ina kyautata zaton dattijon da ya ba yarinyar nan 8 ya fassara sunkuyar da kanta daidai, sai dai ba a tambaye shi ba.

Alhaji Garba: Na karɓi gyara a kan fuska. Amma har yanzu ban yarda a ce abin da zuciyar mai gogewa ta raya masa ba shi da wuri ba. Idan takarda ce za ta yi komai, me ya sa za a kira dattijo ya zauna?

Dakta Aminu: Yana da wuri, ranka ya daɗe, amma a ƙarshe. A 1955 Daniel Kahneman, wanda daga baya ya sami kyautar Nobel a 2002, yana matashin hafsa aka ba shi aikin gyara intabiyun sababbin sojojin Isra'ila. Ya tsara tambayoyi a kan rayuwar da mutum ya yi a baya, ya ce a ba siffa shida maki daga 1 zuwa 5, kowace ita kaɗai kafin a wuce ta gaba. Masu intabiyun suka yi ƙorafi cewa an mayar da su injina, sai ya amince cewa bayan sun gama siffofin shida su rufe ido su ba da maki ɗaya na abin da ransu ya ba su. Wannan makin na ƙarshe ya yi hasashe mai kyau, kusan daidai da jimillar shidan, alhali a tsohon tsarin hukuncin zuci bai tsinana abin kirki ba. Zuciyar ɗaya ce, bambancin shi ne an sa ta jira har ta ji hujja. Duk da haka ina tunatar da Hajiya cewa 0.42 ba tabbas ba ne, za ta ci gaba da yin kuskure jefi-jefi, don haka ta haɗa da gwajin aiki.

Hajiya Binta: Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Ga abin da na rubuta tun ɗazu. Kafin hutun ƙarshen shekara mu uku za mu zauna mu amince a kan siffa huɗu: kula da aiki, haƙuri da yara, amana, da karɓar gyara. Kowace za ta sami tambaya ɗaya ta labari da misalan amsa. Mai neman aiki zai koyar da aji na minti goma sha biyar, sannan mu ba shi littattafan yara biyar ya duba a gabanmu. Kowa zai rubuta makinsa kafin a yi magana, kuma ni zan zama ta ƙarshe wajen faɗin nawa, domin na lura hedimasta yakan jira ya ji ra'ayina. Abin da ban samu ba shi ne bidiyon gwaji irin na su Sista.

Sista Hauwa: Hajiya, ba sai kin nemi bidiyo daga waje ba. Ki roƙi malamai uku daga cikin naki waɗanda kika daɗe da sanin aikinsu su amsa tambayoyin, ki ɗauka da waya bayan kin nemi izininsu kuma kin tabbatar musu ba za a yi amfani da shi a kansu ba. Da yake kin san ainihin aikinsu, za ki ga ko makin kwamitin ya dace da abin da yake ƙasa. Sannan tambayarki ta haƙuri da yara, kada ki ce yaya za ka yi da yaro mai ƙiriniya, domin kowa ya san amsar da ake so. Ki ce ya ba ki labarin yaron da ya fi ba shi wahala, da abin da ya gwada wanda bai yi aiki ba.

Hajiya Binta: Na gyara tambayar yanzu. Malamar aji huɗun ce zan fara roƙo, kuma ranar Asabar zan je gidan dattijon in tambaye shi abin da ya ji a bakinta ranar nan har ya ba ta 8.